A cikin shirin Bewitched, wa ya fi kwanta muku a rai?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Satin nan zazzaɓi ya kwantar da ni, ina kwance ba abin yi sai na koma kan Bewitched, tsohon wasan barkwancin nan na Amurka da tashar ABC ta fara nunawa a 1964 aka rufe shi a 1972. Rabona da shi tun ina budurwa a gidan yayata, lokacin da wata tashar tauraron ɗan'adam ke maimaita shi kullum bayan la'asar. Ga wanda bai san shi ba: Samantha mace ce mai sihiri, gadon gidansu ne. Ta auri Darrin, mutum kamar kowa, ma'aikacin kamfanin talla. Sai bayan an ɗaura aure ta gaya masa ko ita wace ce, shi kuma ya sa ta yi alkawarin ajiye sihirin ta zauna kamar sauran matan aure. Danginta suka ce ba su san wannan zance ba. A kan haka aka yi kashi 254.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da ina yarinya Samantha nake so, uwarta Endora kuwa ko ganinta ba na son yi. Yanzu da na aurar da 'yata ta fari, Endora nake jira ta fito. Ku fa? Wa kuka fi so, kuma don me?

Sadiq_Fagge:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, Maman Ilham. Ni Kawu Arthur ne nawa, ƙanin Endora. Mutumin da za a buɗe tukunya a ga kansa a ciki yana dariya! Akwai inda ya ce zai koya wa Darrin yadda zai rama abin da surukarsa ke masa, ya ba shi ƙararrawar saniya da usur na kiran agwagwa, ya koya masa wasu surkullen ƙarya. Darrin ya tsaya gaban Endora yana kaɗawa yana busawa da iya gaskiyarsa, ba abin da ya faru. Ranar har hawaye na yi.

Ummu_Khairat:
Sannu da jiki Yaya. Ni kam Anti Clara, kuma ba na jin akwai na biyunta. Tsohuwa ce da ƙarfinta ya fara barinta. Sauran dangi sai dai ka ga sun ɓullo tsakiyar falo tsaf-tsaf, ita kuwa ta bututun hayaƙi take faɗowa, hula a karkace, fuska duk baƙin hayaƙi. In za ta tafi ta nufi bango don ta ratsa, sai ta yi karo da shi. Ta fara surkulle ta manta ƙarshensa. An ce a nemo mai gyaran lantarki, ta je ta ɗauko Benjamin Franklin, Ba'amurken nan da ya yi bincike kan lantarki a ƙarni na 18, daga zamaninsa ta dire shi a falo, ta kuma rasa yadda za ta mai da shi. Duk da haka a dangin nan kaf ita kaɗai ce take ƙaunar Darrin tsakani da Allah, shi ma ita kaɗai yake sakar wa fuska.

Injiniya_Musa:
Malam Sadiq, ka san kashi goma kacal Paul Lynde ya fito a matsayin Kawu Arthur? Mutane da yawa ba sa yarda in an faɗa musu, saboda yadda ya zauna a zukata sai ka ɗauka kowane mako yana nan. Kafin ma a ba shi wannan matsayi ya taɓa fitowa a zangon farko a matsayin mai koya wa Samantha tuƙin mota.

Sadiq_Fagge:
Goma? Da wani ne ya faɗa da na yi musu.

Zee_Kaduna:
Anti Maman Ilham, don Allah ki fahimtar da ni. Endora fa? Matar da shekara takwas ba ta kira sunan mijin 'yarta daidai ba sai jifa-jifa? Yau Durwood, gobe Darwin, jibi "wannan, wa yake da suna". Ta sa kunnuwansa su riƙa girma duk sa'ad da ya yi ƙarya, alhali ƙaryar ma don ya ɓoye wa matarsa kyautar da ya saya mata ne. In aka ba ni suruka irin wannan ai sai dai na tattara.

Maman_Ilham:
Zee, ban ce halinta mai kyau ne ba. Amma ki zauna a kujerarta na minti ɗaya. Kin haifi yarinya, kin raine ta, kin san abin da za ta iya. Da ƙifta ido za ta je Faris ta ci abincin rana ta dawo. Sai ga wani ya zo ya ce duk wannan baiwar abin kunya ce, a ɓoye ta, kada maƙwabta su sani. Ki zo gidan ki tarar da ita durƙushe tana goge murhu. Kuma ba ita kaɗai ba, har jikarki Tabitha ana hana ta nuna abin da aka haife ta da shi. Endora ba Darrin take ƙi ba kamar yadda take ƙin ganin 'yarta ta rage kanta don ta shiga gidan wani. Tawa 'yar ta gama digiri da sakamako mai kyau, ranar da na je na ga takardun a ƙasan akwati an ɗora zannuwan gado a kai, ban ce komai ba, amma a mota na yi kuka. Mijinta yaron kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Sai dai daga ranar na gane fuskar da Endora ke yi.

BintaZinder:
Allah sarki. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa takardun su yi amfani wata rana.

Wani abu da nake lura da shi game da sunan nan. A wurinmu rashin kiran suna ai girmamawa ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, suruka da suruki kowa na kauce wa kowa. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambatar sunan babana ba, in ya shigo gaisuwa ma juya fuska take yi. A can kuwa rashin kiran sunan ne cin mutuncin. Da na fara kallo da mahaifiyata, ina fassara mata, sai da ta ce, "To ai kunya ce take ji, me ya sa yake fushi?" Da ƙyar na fahimtar da ita cewa da gangan ake ɓata sunan.

Malam_Habu:
Assalamu alaikum. Ba don in ɓata muku hira ba, amma ya kamata a tuna cewa sihiri ba abin wasa ba ne a addininmu, yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Damuwata yara ne. Yaro ya tashi yana ganin mai sihiri ita ce kyakkyawa mai tausayi, wanda ya hana ta kuma shi ne abin dariya. Ina ganin a yi hattara.

Ummu_Khairat:
Malam, nasiharka ta karɓu, Allah ya saka da alheri. Ni dai yadda nake ɗaukarsa, tatsuniya ce. Mun tashi ana ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo mai magana, ba wanda ya girma ya ce zai je neman Dodo. A shirin nan ba a zuwa wurin boka, ba yanka, ba binne-binne. Mace ce ta motsa hanci kwanuka su wanku. Amma in zan kalla da yara ina gaya musu dabarar kyamara ce, kuma abin da ake kira sihiri na gaskiya haramun ne.

Injiniya_Musa:
Dabarar ma mai sauƙi ce. Sai a tsayar da kyamara, kowa ya daskare a inda yake ko motsi babu, a ɗauke abin ko a ajiye shi, a ci gaba da ɗauka. Abin da ke shawagi a iska kuwa da siririyar waya ake rataye shi. Ba kwamfuta a lokacin. Ko motsa hancin nan, in kuka lura da kyau leɓenta na sama take motsawa, hancin ya bi, sai a ɗora ɗan sautin kiɗa a kai. Tabitha da yake yarinya ce ba ta iya ba, da yatsa take kaɗa nata.

Malam_Habu:
To madalla, in dai ana yi wa yaran bayani. Allah ya tsare mana imaninmu.

Ɗan_Zango:
Tambaya gare ni. Ƙanena yana ce wa Samantha "mayya". Ni kuma kunnena bai karɓa ba. Ya kuke kiranta?

Hauwa_Jos:
Ba mayya ba ce ko kaɗan. Maita a wurinmu kama kurwar mutum ne a cinye, ya yi ta ciwo har ya mutu. Samantha kurwar wa ta kama? Ba bokanya ba ce kuma, don ba ta da masu zuwa neman taimako. "Mai sihiri" ɗin da Maman Ilham ta faɗa ya fi kusa.

Kuma tunda an taɓo kalmar, bari in faɗi abin da ya sa ni ma nake tare da Ummu Khairat a kan Clara. Akwai kashin da majalisar masu sihiri ta gurfanar da ita, wai ta tsufa tana ta ɓarna, a yanke mata hukunci a mai da ita wani abu marar rai. Samantha ce ta tsaya mata. A ƙauyen kakannina akwai wata tsohuwa da ta fara ruɗewa, tana fita da dare tana magana ita kaɗai, tana shiga gidan da ba nata ba. Yaro ɗaya ya yi zazzaɓi, shi ke nan aka ce ita ce. Na ga yara suna jifanta da idona, ina da shekara tara, tana riƙe da ƙwaryar furar da ta saya, furar ta zube a zaninta. Wata jikarta ce ta zo daga birni ta ɗauke ta. Yanzu da na yi aikin jinya na san ciwon mantuwa ne na tsufa. Duk sanda na ga Clara ta tsaya tana laluben kalmar da ta ɓace mata, Samantha na jiranta ba tare da ta katse ta ba, matar nan nake tunawa.

Dattijo58:
'Yata Hauwa, kin taɓa mini zuciya. Su ma can sun yi irin wannan. A garin Salem a 1692 an rataye mutum 19 bisa zargin maita. Shirin ya je garin ya ɗauki wasu kashi a 1970, kuma a 2005 aka kafa mutum-mutumin Samantha a can, wasu mutanen garin suka nuna rashin jin daɗi, suna ganin an mai da wurin makoki wurin wasa.

Ni na san shirin ne ina karatu a Ingila, a gidan wata dattijuwa da nake haya. Ita ce ta fara gaya mini cewa mariƙan ƙofa da Clara ke tarawa a jaka tana gogewa ba ƙirƙira ba ce, ita Marion Lorne ɗin da ta fito a matsayin Clara da gaske tana tara su. Ta rasu a watan Mayun 1968, kwanaki kaɗan kafin a ba ta kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin, Elizabeth Montgomery da ke fitowa a matsayin Samantha ce ta hau ta karɓar mata. Masu shirin ba su sa wata ta maye gurbinta ba. Sun canza Darrin, sun canza Gladys maƙwabciya, sun canza matar Larry maigidan Darrin, amma Clara suka bar ta. Daga baya ne suka kawo Esmeralda mai aiki, wadda in ta yi atishawa wani abu ya ɓullo, in ta tsorata ta dushe.

Amma nawa gwanin ba ɗayansu ba ne. Abner Kravitz ne, mijin maƙwabciya. Yana zaune da jaridarsa, duniya na tashi, bai ɗaga kai ba.

Kawu_Bala:
Baba Dattijo ka riga ni, sai dai ni matar tasa nake so. Gladys! 'Yar sa'ido ta ƙarshe. Kullum tana bayan labule tana leƙen gidan mutane, ta ga abu ta ruga tana ƙwala wa Abner kira, kafin ya taso komai ya koma daidai, sai ya ɗauko cokali ya ce ta sha maganinta. Abin da ke ba ni tausayi, duk abin da ta faɗa gaskiya ne. A unguwar nan kaf ita kaɗai ce idonta ke gani, ita kuma aka mai da mai taɓin hankali.

Zee_Kaduna:
Kawu Bala, gaskiya ce amma wa ya aike ta? Mun yi maƙwabciya irinta, ko baƙo ka yi sai ta aiko yaro aron gishiri don ya gano mata waye.

Injiniya_Musa:
Gladys biyu ce fa, a bambance. Ta farko Alice Pearce, ita ce a zango biyun farko marasa kala. Tun kafin a fara shirin ta san tana da ciwon daji, ta ɓoye ta ci gaba da aiki, ta rasu a 1966 tana da shekara 48. Ita ma bayan rasuwarta aka ba ta Emmy. Sandra Gould ce ta maye gurbinta a shirin. Ta farko a ruɗe take, abin tausayi. Ta biyu ta fi kaifin baki da neman tona asiri. Kawu Bala, ina jin ta farko kake nufi.

Kawu_Bala:
Ita fa. Mai zare ido.

Nafi_Gusau:
Ni na ɗauka wannan ne na aljanar da ke cikin kwalba?

Sadiq_Fagge:
A'a Nafi, wancan I Dream of Jeannie ne, na tashar NBC, 1965 zuwa 1970. Barbara Eden ce aljanar, ɗan sama jannati ya tsinci kwalbarta a wani tsibiri. Ita harɗe hannu take yi ta ƙifta ido. Ana yawan haɗa su don lokaci guda suka yi tashe.

BintaZinder:
Na kalli duka biyun, ban haɗa su ba. Jeannie "ubangidana" take ce masa, in ta dame shi ya mai da ita kwalba ya toshe. Samantha kuwa da kanta ta zaɓi zaman, kuma in Darrin ya wuce gona da iri tana iya tsayawa ta gaya masa.

Zee_Kaduna:
To ai kun ga, Anti Binta ta kawo abin da nake son faɗa. Da kanta ta zaɓa. Ba wanda ya tilasta ta, in ta so tafiya bango ba zai tare ta ba. Endora ce ta kasa yarda cewa 'yarta ta girma. Kuma ba wanda ya ambaci Darrin har yanzu. Bawan Allah ya ƙi cin arzikin da bai yi wa gumi ba. Da kalma ɗaya matarsa za ta cika masa gida da dukiya, ya ce a'a, albashinsa ya ishe su. Surukinsa Maurice ya ba shi kyautar abin sihiri ya ƙi karɓa, aka mai da shi alfadari. Maza nawa ne za su iya haka?

Maman_Ilham:
Wannan kam na ba shi, yana da zuciyar nema. Amma Zee, lura da wani abu: in asiri ya kusa tonuwa ko aikinsa ya kusa lalacewa, wa ke gyarawa? Sau nawa dabarar tallan da ke ceton kamfanin daga bakin Samantha take fitowa, a yaba wa Darrin? Ya hana a fili, yana amfana a ɓoye.

Ɗan_Zango:
Yawanci ai danginta ne suka jawo matsalar tun farko, Hajiya. In ba su taɓa shi ba ba abin da za a gyara.

Dattijo58:
Ku yi wa Darrin adalci ta wani gefen. Dick York, wanda ya fara fitowa a matsayin Darrin, da ciwon baya ya yi shekara biyar yana wannan wasa. Ya ji rauni ne wurin ɗaukar wani fim a 1959, bai ƙara samun lafiya ba. Akwai kashin da za ku ga yana kwance ko zaune daga farko har ƙarshe, wasu kuma a ce ya yi tafiya, duk saboda ciwon ne. A 1969 ya faɗi ana cikin ɗauka, daga asibiti bai dawo ba. Dick Sargent ya karɓa, ba a yi wa masu kallo bayanin komai ba. Da na san haka sai na koma ina kallon yadda yake zabura yana tsalle in an yi masa sihiri, ina mamakin ƙarfin halinsa.

Ummu_Khairat:
Allah sarki. Ni ma na farkon na fi so. In ya yi faɗa kana ganin tsoro da ƙauna a idonsa. Na biyun faɗansa ya fi kama da fushi zalla.

Kawu_Bala:
Ba mai son Larry Tate ke nan? Maigidan Darrin a kamfanin talla na McMann and Tate. Ya ce shawara ba ta yi ba, attajirin da suke wa talla ya ce ta yi, kafin a rufe baki ya ce ai dama shi ma abin da ya gani ke nan. Ya kori Darrin da safe ya dawo da shi da yamma. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irinsa.

Hauwa_Jos:
Larry ya taɓa burge ni sau ɗaya. Kashin Kirsimetin 1970, wanda ɗalibai baƙaƙen fata 26 na wata makarantar sakandare a Los Anjalas suka rubuta labarinsa. Tabitha tana da ƙawa baƙar fata, Lisa, aka ce musu ba za su zama 'yan'uwa ba tunda launinsu ya bambanta. Sai Tabitha ta sa ɗigo-ɗigon baƙi ya fito a jikinta, na fari a jikin Lisa, don su yi kama. Wani attajiri kuma ya ga Lisa a gidan, ya zaci Darrin baƙar mace ya aura, ya ce a cire shi daga aikinsa. Da Larry ya gane dalilin, shi da ke bin kuɗi kamar me, ya ce ba ya son cinikin. Elizabeth Montgomery ta ce a duk shirin wannan kashi ta fi so. Akwai wurin da aka shafa wa fararen 'yan wasa baƙi a fuska, wanda yau ba za a yarda da shi ba, ni ma bai yi mini daɗi ba. Amma labarin yaran ya tsaya mini.

Nafi_Gusau:
Kun sa ina son in nema. Daga ina zan fara?

Injiniya_Musa:
Fara daga farko, marasa kalar. An sa musu kala daga baya amma na asalin sun fi. In kin kai inda Serena ta fito, 'yar'uwar Samantha mai baƙin gashi da rawar kai, ki duba fuskar da kyau. Za ki ga an rubuta Pandora Spocks a jerin sunaye, amma Elizabeth Montgomery ce dai.

Maman_Ilham:
Na gode muku duka, jiki ya yi sauƙi alhamdulillahi. Jiya 'yar tawa ta zo duba ni, muka kalli kashi biyu tare. Na tambaye ta wa ta fi so, ta ce Samantha, don tana iya riƙe uwarta da mijinta duka ba ta saki ko ɗaya ba. Ban ce mata komai ba. Ina nan dai a kan Endora, ko da yake labarin Hauwa ya sa Clara ta matso kusa ƙwarai.

Zee_Kaduna:
Anti, gaishe ta. Ni da ita layinmu ɗaya.

Sadiq_Fagge:
Har yanzu ba wanda ya ambaci Dokta Bombay, likitan masu sihiri, fa. A kira shi ya ɓullo da kayan wanka ko na hawan doki yana mitar an katse masa hutu, ya ba da maganin da zai ƙara rikita ciwon, ya yi dariyar barkwancinsa shi kaɗai. Injiniya, shi kashi nawa ya fito?